Abin da ke Riƙe da Ƙarafa a Cikin Ruwan Gulbi

Rahoton gwajin ruwa da ya shafi ƙarafa masu guba yakan zo ne da jerin lambobi, wato dalma kaza a kowace lita, kadmiyam kaza, tagulla kaza, sannan a jera su kusa da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Iyakar dalma maikirogiram 10 ce a lita, ta kadmiyam maikirogiram 3, ta tagulla kuwa miligiram 2. Domin a gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai, maikirogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya da aka narkar a cikin lita 100,000 na ruwa. Ina karanta irin waɗannan rahotanni a kan gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo da tafkin Kware da rijiyoyin fadama, kuma ina ganin girman wahalar da ke cikinsu, domin duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan gwaji a bakin gulbi da zafin watan Afrilu ya san aikin ba na rago ba ne. Sai dai lambar da suke bayarwa jimilla ce kurum. Tana faɗin yawan ƙarfen da ke cikin kwalbar, amma ba ta faɗin halin da yake ciki, alhali wannan halin shi ke nuna ko ƙarfen zai kashe kifi, ko zai kwanta a laka, ko kuwa zai bi ruwa har Argungu.

Ƙarfen da ya shiga ruwa yakan rabu gida-gida. Wani kaso yana yawo a sake, ɗauke da cajinsa na lantarki, babu abin da ke kewaye da shi sai ruwa. Wani kason yana manne da ƙwayoyin laka da na tsatsa, wani ya haɗu da gishirin da ke narke a ruwan irin su kabonet da kuloraid. Kaso na ƙarshe, wanda a kansa nake son tsayawa, shi ne wanda ruɓaɓɓen tsiro da ya narke a cikin ruwan ya kama ya riƙe.

Idan ganye da ciyawa da karan shinkafa da kashin shanu da gansakuka suka ruɓe, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan cinye abin da ke da sauƙin ci, su bar wani saura mai wuyar narkarwa, wanda ruwan sama ke wankowa daga ƙasa ya zuba a rafi. Zan kira shi narkakken ruɓi. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa duk abin da ya wuce ta matacin da faɗin ramukansa maikiromita 0.45 ne (maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), to a lissafa shi a cikin narkakke. Ya kamata a bambanta shi da jan ruwan da muke gani a gulbi cikin watan Agusta, domin wancan jan laka ce, kuma idan aka zuba ruwan a randa aka bar shi ya kwana, mafi yawanta za ta kwanta a ƙasa. Launin narkakken ruɓi kuwa irin na shayin da bai ji ganye sosai ba ne, ruwan yana nan garau amma da ɗan rawaya ko ƙasa-ƙasa, kuma kwana ba ya kawar da shi. An fi ganinsa a kududdufan fadama da ke ƙarƙashin itatuwa bayan ɗaukewar damina. Ana auna shi da yawan kabon da ke cikinsa, kuma yawancin kogunan duniya suna ɗauke da tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a lita, yayin da ruwan dausayi mai yawan ciyayi kan kai gommai. Kogin Rio Negro na ƙasar Brazil, wanda ruwansa baƙi ne, shi ne misalin da aka fi kawowa.

Rabin wannan ruɓi ko fiye da haka wasu sinadarai ne da ake kira humik, kuma an kasa su ne bisa yadda suke yi idan an zuba masu asid. Wanda ke dunƙulewa ya kwanta idan ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da 2 shi ne asid ɗin humik, wanda kuma ke zama a narke komai tsamin ruwan shi ne asid ɗin fulbik, kuma shi ya fi yawa a ruwan koguna. Tun a 1786 wani masani a Jamus mai suna Franz Achard ya fara tatso su daga ruɓaɓɓiyar ƙasar dausayi, daga baya kuma Berzelius na ƙasar Suwidin ya samo irinsu a ruwan marmaro. Har yau babu wanda ya rubuta masu tsari guda ɗaya kamar yadda ake rubuta wa gishiri ko sukari, saboda tarin dubban sinadarai ne daban-daban, kuma na wannan gulbi ya bambanta da na wancan. Wannan ne ya sa ƙungiyar masana sinadaran humik ta duniya, wadda aka kafa a 1981, take tatso ruɓin kogin Suwannee na kudu maso gabashin Amurka tana raba wa ɗakunan gwaje-gwaje, domin kowa ya gwada aikinsa da abu ɗaya.

Yadda kamun ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. A jikin waɗannan sinadarai akwai wasu gurabe masu ƙwayar oksijin, waɗanda kan saki haidirojin ɗin da ke jikinsu su zauna da caji mai alamar ɗebewa. Dalma da tagulla da tutiya da kadmiyam kuwa suna yawo ne da caji mai alamar tarawa, don haka sai su janyo juna. Gurabe iri biyu ne suka fi yawa, na kaboksil da ke buɗewa tun ruwa yana da tsami, wajen pH 3 zuwa 5, da na fenol da ba su buɗewa sosai sai an kai wajen pH 8 zuwa 10, ko da yake ƙarfe mai ƙarfin kamu yana iya ture haidirojin ɗin da kansa tun kafin nan. Idan gurabe biyu suna maƙwabtaka, sukan kama ƙwayar ƙarfe ɗaya ta fuska biyu, kuma irin wannan riƙo ya fi na gurbi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mu a Sakkwato mun daɗe muna ganin wannan aiki da idonmu a hannun majema da dukawa. Fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa ta sha sinadarin tanin, wanda jikinsa cike yake da guraben fenol masu maƙwabtaka da juna. Idan baduku ya shafa mata kuloko, wato ruwan da aka jiƙa baƙin ƙarfe a ciki, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya wankuwa, domin tanin ya riga ya kama ƙarfen. Tanin ba shi ne humik ba, amma yana cikin abubuwan da humik ke samuwa daga gare su, kuma kamun iri ɗaya ne. Abin da ke faruwa a kan fata a cikin ɗan lokaci shi ke faruwa a kududdufin da 'ya'yan bagaruwa da ganyenta suka zuba, sai dai a can ƙarfen kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganin komai.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi kowane muhimmanci a wannan fanni, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Guraben nan ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Masu rauni suna da yawa, masu tsananin ƙarfi kuwa, waɗanda galibi ke ɗauke da naitirojin ko farar wuta, 'yan kaɗan ne. Idan ƙarfen da ke cikin ruwa kaɗan ne, guraben nan masu ƙarfi su ke fara kama shi, har ya zamana abin da ya rage a sake bai taka kara ya karya ba. A koguna da tafkuna da yawa an auna an ga fiye da kashi 90 cikin 100 na narkakkiyar tagulla a hannun ruɓi take, wani lokaci ma fiye da kashi 99. To amma idan aka ci gaba da zuba ƙarfen, guraben masu ƙarfi sukan cika, abin da ya biyo baya ya faɗa hannun masu rauni, sai kason da ke sake ya riƙa hawa da saurin da ya zarce na jimillar. Ma'ana, ninka yawan tagulla sau biyu yana iya ninka wadda ke sake fiye da sau biyu. Gulbi zai iya shanye gurɓatawa shekara da shekaru babu wanda ya ga alama, sannan ɗan ƙari kaɗan ya jawo mutuwar kifi, mutane su yi ta mamakin abin da ya sauya.

Ƙarafan ma ba ɗaya suke ba wajen son ruɓi. Zaiba, wato makuri, ita ce kan gaba, domin tana manne wa guraben farar wuta da ƙarfin da ya wuce na saura ƙwarai da gaske. Tagulla da dalma ke biye, sannan nikel da tutiya da kadmiyam, waɗanda riƙonsu sako-sako ne, shi ya sa kadmiyam da tutiya sukan fi zama a sake. Fifikon tagulla a kan maƙwabtanta ya dace da jerin da masana biyu, Irving da Williams, suka bayyana a Oxford a 1948, inda suka nuna ƙarfin kamu yana hawa daga manganis zuwa baƙin ƙarfe zuwa kobal zuwa nikel, ya kai ƙololuwa a tagulla, sannan ya sauko a tutiya. Asenik da nau'in kuromiyam mai tsananin guba suna bin wata hanya dabam, saboda su a ruwa ba su ɗauke da caji mai alamar tarawa, ko da yake humik yana iya mayar da wancan kuromiyam zuwa nau'in da bai kai shi guba ba.

Sannan akwai masu gasa. Haidirojin da kansa yana neman guraben, don haka da zarar ruwa ya ƙara tsami sai ruɓi ya fara sakin ƙarfen da ya riƙe. Baƙin ƙarfe da alminiyam suna mamaye guraben masu ƙarfi. Kalsiyam da magnesiyam riƙonsu ba ƙarfi, amma yawansu ya ninka na ƙarafa masu guba sau dubbai, kuma yawa ma ƙarfi ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a ƙarƙashin wani yanki na ƙasarmu akwai dutsen farar ƙasa, wanda shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan fito da kalsiyam mai yawa da ƙarancin tsami. Ga kuma ƙasar tudu mai rairayi wadda ruɓin cikinta kaɗan ne, saboda zafi da gara da ƙonawa da kiwo ba su barin ganye ya taru. Ruwanmu ke nan bai yi kama da na kogin Suwannee ba, bai kuma yi kama da na tafkunan arewacin Turai ba, inda aka yi akasarin binciken.

Dalilin damuwa da kason da ke sake ya fito fili ne a 1976, lokacin da masana biyu, Sunda da Guillard, suka nuna cewa illar tagulla ga wata ƙaramar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya tana bin yawan tagullar da ke sake ne, ba jimillar da aka zuba ba. Ga kifi, wurin da abin ke faruwa shi ne jajayen sassan nan na gefen kansa da yake numfashi da su. Ta nan yake jan gishirin sodiyam daga ruwa, kuma idan tagulla ta manne a wurin sai ta toshe wannan aiki, gishirin jikinsa ya zube, ya mutu. 'Yan gomman maikirogiram a lita sun isa su yi wannan ɓarna a ruwa maras kalsiyam da ruɓi, alhali iyakar ruwan shan ɗan Adam maikirogiram 2,000 ce. Ruɓi yana kare kifin ta hanyar riƙe tagullar kafin ta iso, kalsiyam kuma yana kare shi ta hanyar tare wurin da za ta manne. Daga wannan fahimta aka gina lissafin kwamfuta da ke ɗaukar wurin numfashin kifi a matsayin mai gasa ɗaya a cikin masu gasa, kuma a 2007 hukumar kare muhalli ta Amurka ta karɓe shi wajen tsayar da iyakar tagulla a ruwa maras gishiri. A ƙarƙashin wannan tsari, iyakar kowane rafi tana sauyawa bisa tsaminsa da kalsiyam ɗinsa da ruɓinsa. Kafin nan, a 1994, Edward Tipping na cibiyar binciken ruwa da ke bakin tafkin Windermere a Ingila ya fitar da lissafin WHAM, masana na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan da abokan aikinsu kuma suka fitar da NICA-Donnan, kuma da su ake ƙiyasta kason ƙarfen da ruɓi ke riƙewa.

A nan dole in yi gargaɗi da babbar murya, domin ana iya karanta abin da ya gabata a ɗauka cewa ruwa mai ruɓi ya kuɓuta. Kariyar da nake magana ta kifi ce da sauran halittun da ke zaune a cikin ruwan. Cikin ɗan Adam yana da asid mai ƙarfi, pH ɗinsa yakan sauka wajen 1 zuwa 2, kuma a irin wannan tsami ruɓi yana sakin dalmar da ya riƙe. Saboda haka ga ruwan sha, jimillar ita ce abin dubawa, kuma babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutar da yaro. Tafasa ruwa kuma ba ya cire ƙarfe.

Ban da haka, riƙon da ke rage guba shi ne kuma ke hana ƙarfe kwanciya. Dalmar da za ta manne wa laka ta nutse kusa da inda aka zubar da ita, idan narkakken ruɓi ya kama ta sai ta zauna a cikin ruwa ta yi tafiya mai nisa. Ba za mu manta da abin da ya faru a Zamfara ba, wadda har zuwa 1996 muke jiha ɗaya da ita. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon niƙa dutsen zinari mai dalma a cikin gidaje. Ƙura da ƙasa ne suka fi kai gubar jikin yaran, kuma gulbin Zamfara ba ya bi ta birnin Sakkwato, can ƙasa a jihar Kebbi yake haɗuwa da babban gulbi. Amma gulbin Sakkwato da ke tasowa daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, yana bi ta yankin Maru inda ake haƙar zinari, kafin ya shiga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, kuma masu wankin zinari suna amfani da zaiba. Ruɓi yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar zaiba daga tudu zuwa ruwa. Idan ta isa lakar gindin tafki inda babu iskar oksijin, wasu bakteriya sukan mayar da ita wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke taruwa a naman kifi, yana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babban da ya ci shi. Wannan nau'in ne ya haddasa cutar da aka gano a Minamata ta ƙasar Japan a 1956, wadda yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba ta ɗauki sunanta. A Kanada an ga yawan zaiba ya hau a kifin madatsun ruwa bayan ruwan ya rufe ciyayi da ƙasa mai ruɓi. Idan ana son sanin halin da madatsunmu ke ciki game da zaiba, naman kifi masu cin kifi ya fi ruwan cancantar a auna.

Fadama tana da nata sha'anin, saboda tana nutsewa tana bushewa kowace shekara. Idan ruwa ya rufe ƙasa iska ta ƙare, tsatsar da ke riƙe da ruɓi da ƙarafa takan narke ta sake su, idan kuma ƙasa ta bushe sai sabuwar tsatsa ta sake kama wani kaso. Shi ya sa shinkafa ta fi jan asenik lokacin da gona ke cike da ruwa, ta fi kuma jan kadmiyam lokacin da aka janye ruwan. Takin gargajiya yana da amfani ta wannan fuska, domin yana riƙe tutiya da baƙin ƙarfe a halin da tsiro zai iya samu a ƙasa mai farar ƙasa, amma sharar gari da ake kwashewa a kai gonakin albasa da kayan lambu takan zo da fasassun batura, kuma tsince su kafin a watsa takin ya fi duk wani magani da za a nema daga baya. Rana ma tana da hannu, domin haskenta yana farfasa narkakken ruɓi a saman ruwa ya rage masa ƙarfin riƙo, kuma a ƙasa irin tamu da ruwa ke tsayawa a fili tun daga Oktoba har Mayu, ba zai yiwu ruɓin farkon damina ya zama ɗaya da na ƙarshen bazara ba.

A wajen tace ruwan famfo, alif yana dunƙule humik tare da laka, ya tafi da ƙarfen da ke jikinsa, don haka tabon da ke kwanciya a tankin tacewa ya kamata a san inda ake zubar da shi. Ruɓin da ya tsira kuma yana haɗuwa da kulorin ya haifar da sinadarai masu illa ga lafiya irin su kulorofom, kamar yadda Johannes Rook ya gano a ruwan Rotterdam a 1974. Wannan hujja ce ta kyautata tacewa kafin zuba kulorin, ba ta daina zuba shi ba, domin haɗarin amai da gudawa ya fi kusa kuma ya fi girma.

Abin da nake roƙon ɗalibai da malaman da ke aikin gwajin ruwa a nan Sakkwato ba shi da tsada sosai. A auna pH a bakin ruwan kafin a rufe kwalba, domin yakan sauya a hanya. A raba ruwan gida biyu, a tace ɗaya da matacin maikiromita 0.45 a bar ɗaya yadda yake, sannan a zuba asid a kowanne, kuma kada a zuba asid kafin tacewa, don zai narkar da ƙarfen da ke jikin laka ya ɓata lissafin. A auna kalsiyam da magnesiyam da kabonet. Inda babu na'urar auna kabon, hasken da ruwan da aka tace ke shanyewa a tsawon zango na nanomita 254, wato wani nau'in haske da ido ba ya gani, yana ba da ƙiyasin yawan humik, kuma na'urar da ke yin wannan tana nan a ɗakunan gwaje-gwaje da yawa. Da waɗannan lambobi a hannu, manhajar Visual MINTEQ, wadda ake saukewa kyauta, za ta ƙiyasta kason da ke sake da wanda ke riƙe. A maimaita aikin a wuri ɗaya lokacin ruwan farko, da tsakiyar Agusta, da kuma ƙarshen rani sa'ad da gulbi ya janye ya bar kududdufai, domin a kududdufan nan ne dabbobi ke sha, masunta ke kamu, masu noman rani kuma ke jefa bakin injin ban-ruwa.